Gargaɗi ga masu neman na'urar GC-MS ta hannu: kada ku biya kafin ku ga ɗanyen fayil

Jama'a masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje da jami'an sayen kaya, a yi hattara da wasu dillalai da ke tallar na'urorin GC-MS (masu raba sinadarai a ɓangaren GC, su auna nauyinsu a ɓangaren MS) na hannu, wato waɗanda aka taɓa amfani da su, a intanet, suna cewa masu babban ƙarfin tantance nauyi ne, an gyara su sun koma sababbi, kuma farashinsu bai kai rabin na kasuwa ba. Damfarar iri biyu ce. Akwai mai na'urar da gaske, amma ba irin wadda ya faɗa ba ce. Akwai kuma wanda ba shi da komai sai hotunan da ya kwaso daga shafin wani. Na farkon ya fi haɗari, domin kaya za su iso, a kunna su yi aiki, sai an zo aikin da aka saye su dominsa asiri ya tonu.

Ga inda suke fakewa. A takardun wannan fanni, HRGC ba ya nufin komai sai cewa ana raba sinadarai a cikin wani siririn bututu mai tsawon mita 30 ko 60, wanda yau kusan kowace na'ura da shi take aiki. Ƙarfin da ake zuba kuɗi dominsa yana ɓangaren awon nauyi, wato HRMS, mai iya bambanta nauyin da ke dab da juna. Sai dillali ya ɗauko na'ura mai kwadirufol guda (matacin nauyi mai sanduna huɗu), irin jerin Agilent 5977 ko Shimadzu QP2020, ya liƙa mata HRGC-MS a takardar farashi. Na'urori ne masu kyau a aikinsu, kuma kamfanonin da suka ƙera su ba su taɓa cewa HRMS ba ne. Amma iyakarsu su bambanta nauyi 28 da 29. Iskar naitirojin tana da nauyi 28.006, kabon monoksaid 27.995, etilin 28.031, kuma a wurin kwadirufol duk ukun abu ɗaya ne. Masu iya irin wannan rarrabewa su ne masu maganaɗisu kamar Thermo DFS, AutoSpec da JEOL JMS-800D, sai Orbitrap, sai masu auna lokacin tafiyar ayon kamar Agilent 7250 da LECO Pegasus HRT.

Wanda zai auna dayoksin, wani rukunin sinadarai masu guba, shi wannan ya fi shafa. Hanyar gwaji mai lamba 1613 ta hukumar kare muhalli ta Amurka ta shardanta ƙarfin tantancewa na aƙalla 10,000, a auna shi inda kwarin da ke tsakanin tsaunuka biyu na siginar da na'urar ke zanawa bai wuce kashi 10 cikin ɗari na tsayinsu ba. Ku lura da wannan sharaɗi, domin nan ma ana wasa da lamba. Idan aka auna faɗin tsauni a rabin tsayinsa, lambar da za ta fito takan kusan ninka waccan. Saboda haka 10,000 da aka rubuta ba a faɗi yadda aka auna ba, kuma ba a faɗi a wane nauyi ba, ba ta nuna komai. Wani dillalin zai ce ai Tarayyar Turai ta yarda da mai kwadirufol uku wajen tabbatar da dayoksin a abinci tun 2014. Gaskiya ne, amma wannan bai mayar da ita HRMS ba, kuma bai kamata a biya mata kuɗin HRMS ba.

Abin da ke raba gardama shi ne gwaji kai tsaye ta bidiyo, ba faifan da aka ɗauka tuntuni ba. A fara da nuna allon lambar siriyal a jikin na'urar, da na ɓangaren GC daban, sannan a juya kyamara zuwa kwamfuta ba tare da yankewa ba. A sa su saki sinadarin saiti, wanda ake daidaita awon na'urar da shi. Idan PFTBA ne, dole allon ya nuna 68.995 da 263.987 da 501.971, da kuskuren da bai wuce kashi 5 cikin miliyan ba. In kuka ga 69.0 da 264.0 da 502.0 kawai, kun san abin da ke gabanku. A na'ura mai maganaɗisu PFK ake amfani da shi, sai a nuna siffar tsaunin a wurare da dama, daga ƙananan nauyi zuwa manya. Daga nan a yi allurar sinadarin da aka san yawansa. Ga dayoksin, 2,3,7,8-TCDD yana fitowa a 319.8965 da 321.8936, kuma rabon na farko da na biyu ya kamata ya tsaya kusa da 0.77, tsakanin 0.65 da 0.89. Kafin a katse kiran, a turo muku ɗanyen fayil ɗin wannan allurar, wato asalin bayanan da na'urar ta ajiye, ba PDF ba. PDF yaro ma zai gyara shi. Ɗanyen fayil kuwa yana ɗauke da kwanan wata, da sa'a, da bayanan na'urar da ta haife shi, kuma ƙwararrenku zai buɗe shi ya duba da kansa.

Uzurin da za ku ji kullum shi ne an riga an kwance ta, tana cikin akwati a sito. Yana iya zama gaskiya. To sai a saye ta a matsayin wadda ba a gwada ba, da farashin da ya dace da hakan, ko a haƙura.

Ko na'urar ta gaske ce, rahoton saitinta yana tona lafiyarta. Manyan tsaunuka a 28 da 32, na farkon ya kusan ninka na biyun sau huɗu, alamar iska na shiga ta wani wuri. Tsauni a 18 danshi ne, wanda ya kamata ya sauka bayan ta kwana tana tsotsar iska. Idan an ɗaga wutar mai ninka sigina kusa da ƙarshenta kafin a ga abin kirki, ya tsufa, saura kaɗan ku sayi wani. Ku tambayi awannin da famfon turbo, mai zuƙe iska daga cikin na'urar, ya yi yana juyawa, ku kuma saurari ƙararsa, domin shi ne ɓangaren da ke mutuwa ba sallama kuma yana da tsada. Sannan abubuwan da ake zarewa a ɓoye: famfon farko, injin sanyaya ruwa na mai maganaɗisu, bututun da ke haɗa GC da MS, igiyoyin sadarwa, da kwamfutar asali. Wannan ta ƙarshen mutane suna raina ta. Tsohuwar na'ura takan dogara da wani zubin manhajar Xcalibur, MassLynx ko MassHunter da ba ya tafiya sai a tsohuwar Windows, kuma lasisin manhajar da na kundin NIST na gane sinadarai ba lallai su bi na'urar zuwa sabon mai ita ba. Ku aika lambar siriyal ga kamfanin da ya ƙera ta, ta adireshin da kuka samo da kanku, ku tambaya ko har yanzu suna da kayan gyaranta, kuma ko za su karɓi kwangilar kula da ita.

Wajen biya kuwa, salon bai canza ba: akwai wani mai saye da ke jira, a turo kafin alƙalami yau. Asusun da sunansa ya saɓa da na kamfanin, ko imel da ya zo daga baya yana cewa an canza banki, dalili ne na tsayawa a kira su ta lambar da aka sani tun farko. Shafin riƙon amanar kuɗi da dillali ya zaɓo da kansa sau da yawa nasa ne. Ku zaɓi naku, ko ku bi ta wasiƙar lamuni ta banki. A rubuta a yarjejeniya cewa babban kason kuɗin ba zai fita ba sai an girka na'urar a ɗakinku ta maimaita lambobin da aka gani a bidiyo, a haɗa da takardar shaidar an tsabtace ta daga guba, musamman in ta yi aikin dayoksin. Mai maganaɗisu nauyinta ya doshi tan guda, don haka a liƙa wa akwatin alamun nuna bugu da karkata, a ɗauki hotonsu kafin a sa hannu a takardar karɓa. In ɗaya ya canza launi, a rubuta hakan a takardar a gaban direba, a kuma sanar da kamfanin inshora kafin a buɗe akwatin.