GIMP da fastar fim ɗina ta farko

Mako uku malaminmu na zane ya ba mu mu haɗa fastar wani gajeren fim da 'yan ajinmu suka ɗauka. Labarin bai da yawa: yarinya ce ke jiran mahaifinta a bakin ƙofa. Ba ni da halin biyan manhaja wata-wata, sai na sauke GIMP, manhajar gyaran hoto wadda kyauta ce. Ɗalibai biyu ne ma suka fara ta a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1995, Spencer Kimball da Peter Mattis, abin da ya ɗan ƙara min ƙwarin gwiwa. Da sigar 3.0 na yi aiki, wadda ta fito a Maris 2025.

Fastar sinima inci 27 ce da 40. Da na saka ɗigo 300 a kowane inci, shafin ya koma fiksel 8100 da 12000, tsohuwar kwamfutata ta fara haki. Na rage zuwa 150, tunda ba a manna hanci a jikin fasta.

Gwajina na farko abin kunya ne. Kawunan 'yan wasa biyar na jera a sama, na zuba ruwan goro a gefe ɗaya, shuɗi a ɗayan, irin na finafinan Amurka. Malam ya duba ya duba, ya ce, "To, ina idona zai fara sauka?" Na rasa ta cewa.

A nan manhajar ta biya ni. Kowane hoto yana kan leyarsa, wato shimfiɗarsa ta daban, kuma akwai mayafin da ake ɗora wa leya: ka shafa baƙi abu ya ɓuya, ka shafa fari ya dawo, ba abin da ya goge. Da shi na cire mutum huɗu ba tare da fargaba ba. Na bar yarinyar ita kaɗai, 'yar ƙarama, can ƙasa ta hagu, sama da rabin fastar kuwa duhu ne kawai. Sai na zana inuwar namiji ta faɗo daga ƙofar zuwa ƙafarta, na sa leyar a Multiply, tsarin da ke gauraya duhunta da abin da ke ƙarƙashinta, don ta nutse cikin ƙasa kamar ta gaske. Gefen gashinta kaɗai ya cinye min dare biyu, sili-sili, da ƙaramin burushi. Wani daɗin kuma, a 3.0 in ka dusashe hoto ko ka gyara haske, gobe kana iya komawa ka sauya adadin.

Wajen rubutu ne ba ta gamsar da ni ba. Sunan fim ya zauna lafiya, amma jerin sunayen ma'aikata da ake yi da siraran haruffa a gindin fasta, Inkscape, wata manhajar zane, na koma na tsara shi.

Launi kuma ni na jawo wa kaina. GIMP da RGB take aiki, launin allo, injin buga takarda kuwa CMYK, launin tawada, ya sani. Akwai wurin duba yadda launi zai fita a takarda kafin a buga, ban kunna ba don gaggawa. Shuɗin rigar yarinyar da ke ƙyalli a allo ya fito kamar an wanke shi sau goma. Malam ya ce hakan ya ma fi dacewa da labarin, ni dai na yi shiru ban faɗa masa cewa ba da gangan na yi ba.