Raspberry Pi 4 da na saya a Sakkwato: na'urar ta yi, mai shagon ne bai kyauta ba

Wata uku ke nan da na sayi wannan 'yar kwamfuta, Raspberry Pi 4 mai RAM giga 4, a wani shago nan cikin gari. Niyyata in ɗora mata Docker, manhajar da ke tafiyar da wasu manhajoji kowace a cikin nata akwati da ake kira kwantena, in sa kwantena biyu: Pi-hole don tare tallace-tallacen da ke cinye mana data a gida, da Nextcloud don ajiye hotuna da takardun iyali. Kuɗinta kun sani, ba sai na faɗa ba, amma dai na ji a jikina.

Mai shagon ya haɗo mini da caja a cikin leda. Na tambaye shi ko ita ce ta na'urar, ya ce, "Wagga caja ta ƙwarai ta, Malam, kai dai ɗauka." Na ɗauka.

Daren farko na zauna bayan sallar isha'i, na ba da umarnin sauko da kwantenar farko. Ta fara tafiya, ta kai rabi, ta tsaya cak. Can sai ga rubutu: TLS handshake timeout, wato lokaci ya ƙare ba ta samu haɗuwa da inda take sauko da kayan ba. Na sake, haka. Na sake, haka. Da yake ɗan mifi muke amfani da shi a gidanmu da ke Mabera, nan take na ɗora laifin a kan sabis. Na cire layi na sa wani, na ɗauki mifin na kai bakin taga, na jira har ƙarfe biyun dare wai ko mutane sun yi barci hanya ta sake. Dare uku ina wannan fama, datar da na saya ta wata guda ta kusa ƙarewa, ko kwantena ɗaya ba ta tashi ba. Wallahi raina ya ɓaci sosai, har na ce wa uwargida gobe zan mayar musu da kayansu.

Allah Ya kawo ɗan yayata da ke karatun kwamfuta ya zo gaishe mu. Ko allon bai kalla ba, na'urar ya tsura wa ido. Ya ce, "Kawu, dubi jar fitilar nan, tana ɗaukewa tana dawowa." Ashe fitilar ba ado ba ce. Idan wutar da ke shiga ta yi ƙasa da bolt 4.63 sai ta mutu. Ya juya cajar ya karanta bayanta: amfiya 2, irin ta waya. Ita kuwa Pi 4 bolt 5 da amfiya 3 take so. Da zarar aiki ya yi nauyi wuta ta gaza, na'urar ta rage gudu, wayfai ɗinta ya fara yankewa. Muka samo caja mai amfiya 3, ya kashe tsarin da ke sa wayfai yin barci don tsimin wuta, sannan ya ce wa Docker ya riƙa sauko da yanki ɗaya ɗaya maimakon uku a lokaci guda da ya saba. Kafin a kira magariba kwantena biyun sun sauka.

Na ɗauka an gama, ashe da sauran rina a kaba. Daga cikin kwantenar, ƙaramin saƙon gwaji yana fita ya dawo lafiya, amma da ta nemi babban abu sai ta yi shiru har lokaci ya ƙare. Wannan ya fi ba ni mamaki, don ita kanta na'urar tana shiga intanet sumul. Yaron ya yi mini bayani da misalin da na gane: Docker yana ɗaure kayansa ƙunshi ƙunshi, kowane ƙunshi bayit 1500, wato abin da suke kira MTU, alhali hanyar layin waya sau da yawa ba ta ɗaukar mai wannan girman. Ƙaramin ƙunshi ya wuce, babba ya maƙale a ƙofa ba tare da an sanar da kowa ba. Ya buɗe daemon.json, fayil ɗin saitin Docker, ya mayar da girman ƙunshin 1400, ya gyara na hanyar da Compose, manhajar da ke tayar da kwantenonin, ya ƙirƙira ita ma, don waccan ba ta bin na farko. Tun ranar ban sake ganin kalmar timeout ba.

Yanzu kam tsakani da Allah na'urar ta burge ni. Ba ta kai tafin hannuna ba, ba ta da ƙara, 'yar inbatarmu tana riƙe ta dare da rana ko an ɗauke wuta. Wayoyin yara sun daina cika da tallan banza. Na ƙara mata 'yar fanka, don zafin Sakkwato na watan Afrilu ba abin wasa ba ne, ita kuma tana fara rage gudu idan zafinta ya kai digiri 80.

Amma duk sanda na tuna datar nan sai abin ya dawo mini sabo. Na koma shagon da cajar a hannu, ba don kuɗinta ba, don ya daina ba wasu irinta. Bai ko ce in yi haƙuri ba. Cewa ya yi ai tana kunna na'urar, me kuma nake so. Tana kunna ta mana, shi ya sa mutum zai yi ta zargin sabis da Docker yana ƙona datarsa, bai taɓa kawo caja a ransa ba. Da ya ce mini bai sani ba tun farko, da ban ji zafi haka ba. Na'urar zan ƙara sayen wata don shagon ƙanena da ke Arkilla, amma ba a wurinsa ba, kuma sai na karanta bayan cajar da idona kafin in miƙa kuɗi.