Ɗan gilashin da ya rage mini dukan iska a hanyar Jidda zuwa Yanbu

Wata huɗu ke nan da na ɗaura wani ɗan ƙaramin gilashi a saman gilashin gaban babur ɗina. Na kai shi Yanbu sau biyu, Madina sau ɗaya, Ɗa'if kuwa kusan kowace Juma'a bayan sallar asuba, don haka yanzu ina da bakin magana a kansa.

A cikin garin Jidda babur ɗin ba shi da wata matsala. Amma da zarar na hau babbar hanya, gudu ya haura kilomita 90, sai iska ta fara dukan hular kwanona kamar ana kaɗa ganga a bayan kunnena. Wannan daban take da iskar da ke tura ƙirji, wadda mutum ke sabawa da ita. Kai ne ke girgiza, har rubutun allunan hanya ya riƙa rawa a idona. Kafin in isa Rabig wuya ya sage, kai yana sarawa, da dare kuma in kwanta kunne yana ta ƙara shi kaɗai. Wannan ƙarar ta dare ita ce ta tayar mini da hankali, domin ji idan ya lalace ta wannan hanyar ba ya dawowa.

Da farko gilashi mafi tsawo na saya, kamar yadda kusan kowa ke yi. Abin ya ƙaru. Ga kuɗi sun tafi, ga zafi, don iskar da ke ɗan sanyaya jiki ta daina iso ni.

Wani dattijon bakanike a Sina'iyya, unguwar masu gyaran motoci, Bahaushe haifaffen Maiwurno ta Sudan, shi ya ɗora ni a hanya. Ya sa na hau babur ɗin a tsaye, ya dubi inda bakin gilashin ya tsaya daidai da fuskata, ya girgiza kai.

"Ɗana, ka san ta ina iskar take zuwa?"

Na ce, "Baba, ai ta gaba."

Ya ce, "Je ka nemi hanyar da babu motoci. Idan ka ji an fara dukan, miƙe tsaye a kan matakan ƙafa. Ka dawo ka faɗa mini abin da ka ji."

Na yi yadda ya ce, a natse. Ina miƙewa dukan ya ɗauke ɗif. Iska ta fi ƙarfi a can sama, amma santsi gare ta, ba ta girgiza kai. Na zauna, ganga ta dawo. A nan na gane cewa gilashin da kansa ne ke haddasa abin. Iska idan ta bugi gilashi sai ta hau sama, tana kaiwa baki ta karye ta zama ƙananan guguwa. Bayan gilashin kuma akwai wurin da matsin iska ya yi ƙasa, shi ke zuƙo waɗannan guguwar zuwa ciki, har ya jawo wata daga ƙasa ta ramin da ƙafafun gaba, wato ƙarafan da ke riƙe tayar gaba, suke ratsawa kusa da tanki. Duk wanda kansa ya faɗo a iyakar iska mai gudu da iska mai kwanciya, shi zai sha duka. Dogon gilashin da na saya ya ɗauke wannan iyakar daga haɓata ne ya kai ta daidai kunnuwana. Ƙarfin iska kuma ba tafiya ɗaya yake yi da gudu ba: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin ninka huɗu yake yi. Tsakanin 80 da 120 kawai ya haura ninki biyu.

Na mayar da gilashina na asali, na sayi wannan ɗan ƙaramin. Kamfanoni da yawa suna ƙera irinsa, akwai MRA na Jamus, Puig na Sifen, Givi na Italiya, da wasu barkatai. Nawa na kasuwa ne marar suna, bai kai riyal 200 ba. Faɗinsa kamar tafin hannu biyu, da maƙali mai roba da ke cizon bakin gilashi ba tare da an huda komai ba, da gaɓoɓi biyu da ake ɗaurewa da alanki. Dabarar tana cikin ɗan ratar da ke tsakaninsa da babban gilashin. Iska tana bi ta nan a tsare, ta fita sama a miƙe, ta haye hula maimakon ta fashe a kanta.

Ɗaurawa minti goma ne. Saitawa ce ta ci mini kwana uku, kuma a nan mutane ke karaya su ce kayan banza ne. Ranar farko na tsayar da shi ƙyam, ina ganin hakan zai fi tare iska, sai dukan ya fi na da. Na riƙa kwantar da shi kaɗan kaɗan, in yi kilomita biyar, in tsaya a gefen hanya, in manna ɗan salatif a kan gaɓar don in tuna inda na baro. Da ya kusa yin daidai da kwanciyar babban gilashin, ratar kuma ta kai kamar yatsa biyu, sai abin ya faɗa. Ba zan manta lokacin ba: ina kan 110, na ji ƙarar injina sarai, abin da ban taɓa ji ba a wannan gudun.

Tafiyar Yanbu ta fi kilomita 300, hanya ce miƙaƙƙiya kusa da gaɓar Bahar Maliya. A da nakan isa a gajiye liƙis, sai na kwanta kafin in iya yin komai. Wannan karon na sauka na yi alwala, na ci kifi, muka yi hira da abokan tafiya har la'asar, wuyana lafiya ƙalau.

Sai dai yana da nasa aibin. A hanyar Madina notin gefe ɗaya ya kwance, gilashin ya karkace ina cikin gudu, dole na tsaya. Tun daga nan na sa masa maganin riƙe noti, kuma alanki ba ya barin aljihuna. Bakinsa yana gilmawa a inda nake kallo, abin da ya fi damuna a hawan dutsen Hada na hanyar Ɗa'if, inda kwana ke bin kwana kuma mutum yana bukatar ganin kwalta a gabansa, ga birai a bakin hanya. Can nakan sauke shi ƙasa gaba ɗaya, tunda gudun ba shi da yawa. Da dare fitilun motoci suna ɗan walƙiya a jikinsa. Ƙura kuma tana karce shi da wuri. Kada a goge shi a bushe, a fara zuba ruwa tukuna sannan a bi da tsumma mai laushi. Iskar gefe da ke tasowa daga teku, da wadda tirela ke watsowa idan za ka wuce ta, waɗannan babu abin da yake yi musu.

Kuma girgiza ya rage, ƙara tana nan. Masana lafiyar kunne sun sa iyaka a desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na tsawon awa 8, duk ƙarin desibel 3 kuma yana raba lokacin gida biyu. Ƙarar iska a cikin hular kwano a gudun babbar hanya tana haura 90. Shi ya sa ba na fita doguwar tafiya sai da abin toshe kunne na soso da ake sayarwa a kantin magani. Ina jin ham, ina jin jiniya, shuuun iskar ne kawai ke raguwa. Ƙarar daren nan ta bar ni, alhamdulillahi.

Wanda ya yi gwajin miƙewa tsaye ya ji dukan ya ɗauke, ina ba shi shawara ya gwada wannan kafin ya zuba kuɗi a dogon gilashi. Ni har yanzu akwai 'yar iska da ke hawowa ta gefen tanki tana taɓa haɓata, na gano ta ne da na tare wurin da tafin hannu na ji ta tsaya. Baba ya ce in kawo babur ɗin ranar Asabar mu yanka mata roba, kafin tafiyar Abha da muke shiryawa.