Yaro ya gama sanawiyya a Makka: minha, bashin karatu ko warsha?

Ɗan yayata ya gama sanawiyya, wato sakandare, bana, tun ranar da sakamako ya fito gidan nan namu na Shara Mansur kowa da tasa shawarar, wani ya ce a tura shi Kano, wani ya ce Amurka ake yayi, kawunsa kuma ya ce a ba shi shi ya koya masa gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ƙarshe Yaya ta ce min "ƙanina, kai ka ɗan taɓa boko, zauna ka auna mana kafin mu sayar da filin gida a banza." Na zauna na auna, kuma na san gidaje da yawa a Makka da Jidda da Madina suna kan wannan gaɓar.

Na Amurka tukuna, don shi ne ya fi ba ni tsoro. Su kansu 'yan ƙasar kuka suke, bashin karatu da gwamnatinsu ke bin mutane ya haura dala tiriliyan 1.6, a wuyan mutum sama da miliyan 40, har Biden ya yi yunƙurin yafe wani kaso Kotun Ƙoli ta rushe shirin a Yunin 2023. To wannan fa na 'yan ƙasa ne, ɗanka baƙo ba zai samu ba, sai dai bashin kamfanoni mai kuɗin ruwa kuma da dala. Riyal a ɗaure yake da dala a 3.75, mai albashi a nan zai iya lissafi, amma yaron da ya gama aka ce bizarsa ta ƙare ya koma Najeriya yana karɓar naira fa? Dalar da take ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Ga riba a kai. Ni dai wallahi ba zan sa hannu a wannan takarda ba ko da ɗan cikina ne.

Sudan da can ita ce mafakarmu, Jami'ar Afirka ta Khartum ta yaye 'yan uwanmu ba adadi, ga araha ga Larabci, amma tun 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke aka kwaso ɗalibai ta iyakar Masar. Allah ya kawo musu zaman lafiya, a yanzu kam ban saka ta a lissafi ba.

Sai gida Najeriya da bashin NELFUND, asusun ba da bashin karatu na gwamnatin tarayya. Gaskiya tsarin a takarda ba laifi: Tinubu ya sa hannu a dokar a Afrilun 2024, babu kuɗin ruwa, kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye ga makarantar, ɗalibi kuma ana ba shi naira 20,000 duk wata na kashewa, ba a fara biya sai shekara 2 bayan bautar ƙasa, sannan a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Amma makarantun gwamnati kaɗai ya shafa, kuma sai da lambar JAMB da NIN da BVN, wanda yaron da aka haifa a nan ya tashi a nan sau da yawa ba ko ɗaya a hannunsa, ga Turanci da zai zauna jarrabawa da shi alhali duk karatunsa da Larabci ya yi. A ware masa shekara guda ta shiri, kar a yaudari kai.

Abin da ke ci min rai shi ne hannun da ke shiga tsakani. A 2025 ɗalibai sun yi ta ƙorafi cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin ba su sanar ba, ko sun ƙi mayar wa waɗanda suka riga suka biya da aljihunsu, har ICPC ta ce tana bincike. Kuɗi ya maƙale a ofis, bashi kuma sunan yaro ne a kai, ina adalci a nan? Ga yajin aiki, na ASUU a 2022 wata 8 ya ɗauka. Tallafin 'yan siyasa kuwa na gani da idona, wani ɗan unguwarmu ta gida aka tura waje da alƙawarin gwamnati za ta biya, da aka canza gwamnati kuɗi ya tsaya, makaranta ta riƙe shahadarsa ta kammala karatu, uwarsa har awarwaronta ta sayar. Duk tallafin da ke rataye da kujerar mutum ɗaya, ranar da ya sauka shi ma ya sauka. In za ka karɓa ka tambayi kanka ko za ka iya ƙarasa biya da kanka.

Minha ta nan Saudiyya, wato gurbin karatu kyauta, ita na fi so, kuma abin mamaki mutanenmu ba su cika nema ba, wai ai ta 'yan waje ce. A'a, akwai ta cikin gida don 'ya'yan mazauna masu igama (takardar izinin zama) mai rai, akwai ta waje. Jami'ar Musulunci ta Madina tun 1961 take ɗaukar baƙi, ga Ummul Kura a nan kusa da mu, ga ta Sarki Abdul'aziz a Jidda, kuma yanzu ta intanet ake nema, ba ruwanka da dillali, duk wanda ya ce kawo riyal kaza in samo maka gurbi ka riƙe kuɗinka. Matsalarta gurbi kaɗan ne, ba kowane fanni ake buɗe wa baƙo ba, likitanci musamman, kuma sharuɗɗan ta cikin gida ba ɗaya suke da ta waje ba, a karanta na kowace jami'a da kyau. Wanda igamarsa ta mutu kuwa ya fara gyara wannan tukuna.

Warsha kuma, wato garejin koyon sana'ar hannu, kar a raina ta. Ƙasar da zafi ke kai maki 45, mai gyaran mukayyif ba ya kwana da yunwa, haka mai wayarin da mai famfo, kuma sana'a ce da in an koma Kano ko Sakkwato da ita za a koma. Sai dai a zaɓa da ido biyu: sayar da waya da gyaranta tun 2016 aka keɓe wa 'yan ƙasa, kuma yaro mai igamar rakiya ba shi da izinin aiki sai an mayar da shi ƙarƙashin kafili, wato ubangidan da zai tsaya masa, da sana'arsa a rubuce, in ba haka ba kamu ne da tarhil, wato a tasa ƙeyarsa zuwa gida. Sannan zaman nasa ma ba kyauta ba ne, mai igamar aiki riyal 400 yake biya duk wata kan kowane ɗan rakiya, 4,800 kenan a shekara, a saka shi cikin lissafi.

Abin da na faɗa wa Yaya shi ne a cike minha a duk jami'ar da ta buɗe, kafin amsa ta fito ya riƙa zuwa darasin Turanci da safe, a kuma yi masa NIN tun yanzu ko da za a koma ga JAMB baɗi. In minha ba ta fito ba, shi da kansa zai zaɓa tsakanin Kano da sana'ar kawunsa ta hanyar da doka ta yarda. Filin gida kuma na ce kar a taɓa shi.