Kilinik ɗin mata a Yamai: yadda aka duba ƙanwata mai ciwon SOPK

A watan jiya na raka ƙanwata, wadda ta zo daga Tawa, zuwa wani kilinik mai zaman kansa a nan Yamai. Shekararta 4 da aure ba ta taɓa ko ɓatan wata ba, al'adarta takan yi wata uku ba ta zo ba, ga gashi ya tsiro mata a haɓa. Bayan ekogarafi da awon jini, likitar ta ce ciwon da ake kira SOPK ne, inda ƙwayaye ƙanana suke taruwa a gidan ƙwai ba tare da sun nuna ba, sinadarin maza kuma ya yi yawa a jini. Ta rubuta mata metformine, maganin da ke taimaka wa jiki sarrafa sukari, ta ce za a yi maganar letrozole, maganin da ke taimaka wa ƙwai ya nuna, idan maigidan ya zo shi ma an auna shi.

Abin da ya sa nake yaba wurin nan ya faru ne bayan ta ajiye biro. Ta dubi ƙanwata ta ce: "Ƙanwata, kina samun barci kuwa? A gida me ake ce miki?" Nan take yarinyar ta fashe da kuka, ta faɗi abin da ta ɓoye mana duka: uwar miji tana kiranta juya, ana yi mata barazanar kishiya, ta daina zuwa suna saboda habaicin mata a kan gashin fuskarta, kuma akwai ranakun da ba ta iya tashi daga shimfiɗa. Likitar ba ta katse ta ba. Ta gaya mata cewa bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mata 6 zuwa 13 cikin 100 masu shekarun haihuwa suna da wannan ciwo, yawancinsu ba su ma sani ba, kuma ƙa'idojin duniya na 2023 kan kula da wannan ciwo sun ce a binciki damuwa da ƙuncin zuciya ga duk wadda aka gano shi a jikinta. A ƙasar da mace take haihuwa wajen shida a matsakaici, wannan tambaya tana da nauyi daidai da na magani.

Sai dai tsarin gidan bai kai likitarsa ba. Ɗakin jira ɗaya ne, don haka ƙanwata ta yi awa biyu zaune tsakanin masu awon ciki, sannan mai karɓar baƙi ta tambaye ta dalilin zuwanta da murya sama, kowa yana ji. Na ji zafin hakan ƙwarai. Babu kuma masanin halayyar ɗan Adam a wurin, sai dai a tura mace wani waje ta sake biyan kuɗi, alhali awon jinin kaɗai ya yi tsada ga mai ƙaramin ƙarfi.

Duk da haka za mu koma ranar da aka ba mu, kuma maigidanta ya yarda zai zo daga Tawa, domin likitar ta ce tana son ta yi masa bayani da bakinta.