Tsakanin Rubutun Adabi da Rubutun Aiki: Wanne Za a Karanta a Jami'a?

Wata 'yar'uwa a cikinmu ta yi tambaya. Ta ce ta kammala sakandare a nan Kano, tana rubuta gajerun labarai da Hausa tana saka su a WhatsApp, kuma yanzu da take shirin cike fom ɗin JAMB ta rasa abin da za ta zaɓa: sashen harshe da adabi, inda ake koyar da ƙirƙirarren rubutu, ko ɓangaren sadarwa, inda ake koyar da rubutun aiki, wato irin su rahoton labarai da sanarwa da talla. 'Yar'uwa, ga yadda nake ganin hanyoyin biyu idan aka jera su.

Da farko, ki sani cewa a Amurka da Ingila ƙirƙirarren rubutu fanni ne mai cin gashin kansa. Jami'ar Iowa ta kafa shirinta a 1936, Jami'ar East Anglia kuma ta fara digiri na biyu a kansa a 1970. A wajenmu yawanci darasi ne a cikin wani sashe. A Jami'ar Bayero, alal misali, za ki same shi a inuwar Sashen Harsunan Nijeriya ko Sashen Turanci da Adabi, yayin da rubutun aiki yake zaune a Tsangayar Sadarwa. Saboda haka zaɓin da ke gabanki zaɓin sashe ne na shekara huɗu, tare da duk darussan da sashen ya ƙunsa, har da waɗanda ba su shafi rubutu kai tsaye ba.

A sashen Hausa, karatun ya fi rubutun yawa, kuma wannan shi ne babban alherinsa. Za ki nazarci rubutun zube da waƙa da wasan kwaikwayo, za ki bi tarihin ƙagaggen labari tun daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, har zuwa littattafan soyayya da suka mamaye kasuwannin Kano daga shekarun 1980. Za a koya miki rarrabe jigo daga zubi da tsari, da gane salon marubuci, da auna karin waƙa da amsa-amonta, sannan ga adabin baka: tatsuniya, karin magana, kirari da waƙoƙin makaɗa. Fiye da haka, za a horar da ke a kan nahawu da ƙa'idojin rubutu, wato inda ake raba kalmomi da inda ake haɗe su, da amfani da baƙaƙe masu ƙugiya. Ina nanata wannan ne domin a nan ne yawancin labaran da ke yawo a wayoyinmu suke tuntuɓe: labari ya yi daɗi, amma rubutun ya gajiyar da mai karatu tun kafin ya kai tsakiya. Sai dai a wannan sashe nazari shi ne ginshiƙi, kuma ɗalibi zai iya fita da sakamako mai kyau bai taɓa kammala labari nasa na kansa ba, idan bai tilasta wa kansa yin rubutu a gefe ba.

A ɓangaren sadarwa kuwa, hannunki zai saba da biro dole. Za ki rubuta rahoto, da sanarwar manema labarai, da rubutun shirin rediyo da talabijin, da talla, kowanne da iyakar tsawonsa da lokacin miƙa shi. A can ana koyar da cewa muhimmin abu ya zo a sakin layi na farko, alhali mai ƙagaggen labari ɓoye shi yake yi har sai ya ja ran mai karatu. Mai rahoto ba shi da ikon ƙara ko kalma ɗaya a bakin wanda ya yi hira da shi. Mai labari kuwa shi ke sa wa taurarinsa magana a baki. Tun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sanar da rarraba fannin sadarwa zuwa rassa a 2020, ana iya fuskantar aikin jarida ko hulɗa da jama'a ko fim kai tsaye. Kuma akwai lokacin horon aiki, wanda kan kai ɗalibi ɗakin labarai na gidaje irin su Rediyon Kano, Freedom ko ARTV. Abin lura shi ne yawancin darussan da Turanci ake yin su, don haka Hausarki ba lallai ta samu mai gyara mata ba.

Batun samun abin yi, hanyar sadarwa ta fi sauri, wannan ba abin musu ba ne. Amma ita ma hanyar Hausa ba rufaffiya ba ce: akwai koyarwa, akwai rubutun fim, akwai kuma fassara, wadda kafafen yaɗa labarai da ƙungiyoyin lafiya da na raya ƙasa suke buƙata kullum, kuma masu iya ta da kyau ba su da yawa.

Ra'ayina, tunda kin ce labari da Hausa shi ne abin da ke ranki, ki zaɓi sashen harshe da adabi. Dalilina shi ne dabarun rubutun aiki ana iya koyon su cikin watanni a gaban edita mai haƙuri, amma zurfin karatu da ƙwarewa a harshe suna son shekaru da malami. Ki riƙe darussan fassara da muhimmanci, ki riƙa halartar zaman karatu na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya reshen Kano domin a ji rubutunki a yi masa gyara, ki kuma gwada gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta. Kafin ki cike fom ɗin, ki duba kundin JAMB na bana ki tabbatar darussan da kika ci a WAEC ko NECO sun dace da sashen da kika zaɓa.