RAV4 'yar 2008 bayan shekara huɗu a hannuna, da abin da za ka duba kafin ka biya kuɗi

Assalamu alaikum jama'a. Tun satin da ya wuce ƙanin matata yake ta kirana wai ya ga wata RAV4 'yar 2007 a wajen wani dila, yana so in ce masa ya saya ko kar ya saya tunda irinta nake hawa, toh sai na ga maganar ta fi ƙarfin waya, gara in zauna in rubuta ta gaba ɗaya shi ya karanta, wani ma da yake da niyya ya amfana.

Tawa 'yar 2008 ce mai filogi huɗu, injin 2.4, giya otomatik, tokumbo ce daga Amurka, shekara huɗu kenan tana hannuna. Wannan sigar Toyota ta yi ta ne daga 2006 zuwa 2012, wato mai safayar taya a manne a ƙofar baya, kuma duk abin da zan faɗa a kanta nake magana ba wadda ta gabace ta ba ba kuma ta bayanta ba.

Gaskiya ina son motar nan, wannan ba sai an tambaye ni ba. Tana da tsayi daga ƙasa, da damina idan lungunmu ya cika da ruwa da taɓo ni dai wucewa nake, hanyar garinmu kuwa da ƙananan motoci suke ta goga ciki ban taɓa jin ta taɓa ƙasa ba sai in na yi mata lodin da ya wuce ƙima. But ɗinta yana ɗaukar buhu biyu na masara da jakunkunan yara har da sauran wuri. Kayan gyaranta kuma ba wahala, injinta iri ɗaya ne da na Camry ɗin da muke cewa Muscle mai filogi huɗu ta farkon fitowa, don haka duk makaniken da ya san Camry ya san ta, in ka shiga Kofar Ruwa ba za ka fito hannu rabbana ba. Abin da ban so ba shi ne giyarta huɗu ce kawai, in ka hau babban titi ka taka sai ka ji injin yana ɗan kuka, ga ƙofar baya da take buɗewa gefe kamar ƙofar ɗaki, in wani ya yi fakin dab da bayanka a kasuwa sai dai ka jira shi kafin ka sa kaya. Waɗannan duk masu sauƙi ne, mutum yana sabawa.

Babbar matsalar mai filogi huɗu ta 2006 zuwa 2008 ita ce shan baƙin mai. Wannan ba jita-jitar gareji ba ce, kamfanin da kansa ya yarda cewa wasu daga cikin injinan 2.4 ɗin nan da ake kira 2AZ-FE na waɗannan shekarun ringin fistan ɗinsu ba ya share mai yadda ya kamata, man sai ya riƙa haurawa sama yana ƙonewa tare da fetur. Har suka yi wani shiri a Amurka na ƙarin garanti, shekara 10 ko mil 150,000, a auna motar, in ta sha kwat ɗaya wato ƙasa da lita kaɗan a cikin mil 1,200, kusan kilomita 1,900 kenan, sai a canza mata fistan da ringi kyauta. Wa'adin wannan shirin ya daɗe da wucewa ga duk motocin, wadda aka yi wa an yi mata, wadda ba a yi wa ba haka aka loda ta a jirgin ruwa ta zo mana. Abin tsoron shi ne ba lallai ka ga hayaƙi a salansa ba, ba kuma za ka ga ɗigo a ƙasa ba, man ne kawai zai riƙa raguwa shiru shiru har ranar da fitilar mai za ta kama, kuma in ta kama kana kan gudu to sau da yawa aikin gama ya gama, sai zancen sayen wani injin. Ni duk ranar Juma'a da safe kafin in tada ta sai na zaro gejin mai na duba, kuma kullum akwai lita ɗaya a but. Tawa takan rage kaɗan tsakanin juye da juye, amma motar da ta kai wannan shekarun, wadda kuma na gano daga baya cewa wanda ya sayar min ya mayar da mitar tafiyarta baya, ba zan ɗora wa kowa laifin wannan ba.

Wani makanike da na fara kai wa ya ce min Alhaji ai maganin shan mai kawai a zuba mata mai kauri 20W-50 shikenan, kuma na san haka ake yi wa yawancinsu a garin nan. Littafin motar 5W-20 ko 0W-20 ya ce. Mai kauri zai iya ɓoye maka matsalar na ɗan lokaci amma ramukan da man yake bi a injin nan ƙanana ne, da safe kafin ya zagaya ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe. Na sauya gareji saboda wannan da kuma ranar da na tarar yaronsa yana ɗura min ruwan rijiya a lagireto alhali ruwan sanyaya injin mai ruwan hoda ne nata. Daga 2009 suka sa injin 2.5, shi bai yi suna da shan mai ba, in aljihunka zai kai wallahi ita zan ce ka nema.

Mai filogi shida, injin 3.5, ita kuma wata duniya ce wajen ƙarfi, doki 269 a ƙaramar jif, giyarta biyar. Abin da za ka sa a duba mata shi ne wani bututun baƙin mai da yake gefen injin, na farko da suka yi akwai roba a tsakiyarsa, robar tana tsufa ta fashe man ya tsiyaye cikin 'yan mintuna. Akwai na ƙarfe zalla da ya maye gurbinsa, in ka ga roba a taka canza shi tun kafin ka fita tafiya. Sai famfon ruwanta da yakan fara yoyo, kuma kwance shi a wannan injin aiki ne don wurin a matse yake.

Yanzu ga abin da ya sa na ce maganar ta fi ƙarfin waya, wato rikol. A Amurka idan aka gano mota tana da aibin da zai iya jawo hatsari, doka ta tilasta wa kamfani ya aika wa masu ita takarda su dawo da ita a gyara kyauta. Takardar gidan mai motar na can take zuwa, mu da muka saye ta hannu na uku ko na huɗu a Kano ko Kaduna ba wanda zai buga mana waya, kuma dila ba zai faɗa maka ba don shi kansa yawanci bai sani ba. Wannan RAV4 ɗin kuwa an yi mata irin wannan kiran ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na ƙafar baya. Akwai wani ƙarfe kamar tayirod a kowace tayar baya mai noti biyu da ake juyawa wajen alaimen. A 2012 aka kira kusan RAV4 760,000 na 2006 zuwa 2011 saboda in mai alaimen bai ɗaure notin nan daidai ba zaren yana fara wasa, tsatsa ta shiga, ya cinye, ƙarfen ya rabu biyu kana cikin tafiya, tayar baya ta juya inda ta ga dama mota ta ƙwace maka. Gyaran farko bai wadatar ba suka sake kira a 2013, suka kuma sake kiran wajen 337,000 a 2016, a nan ne suka ce a canza ƙarafan biyu gaba ɗaya a kuma lulluɓe wurin notin da wani gam mai tauri don kar wani ya sake taɓa shi. Toh ka ga inda abin ya shafe mu, mu da ramukan titi suke sa mu zuwa alaimen kusan duk bayan 'yan watanni. Ni da idona na ga wani mai alaimen ya ɗauko guduma da kurfi zai fasa gam ɗin da ke jikin tawa, ya ce min yallaɓai wani ne ya yi maka aikin banza ya toshe wurin saiti, Allah ya sa ina tsaye a wurin kuma na riga na karanta labarin, na ce masa Malam dan Allah bar shi haka, yi min na gaba kawai. Bai yi da mugunta ba, bai sani ba ne, kuma na tabbata motoci da yawa an fasa musu an juya notin an ɗaure da hannu an sallami mai ita ya hau hanyar Zariya da iyalinsa. In za ka sayi motar nan ka sa a ɗaga ta ko ka kwanta ka leƙa da tocila, in ka ga gam ɗin lafiya lau to alama ce an taɓa yi mata gyaran, amma ka tabbatar da lambar chasis kamar yadda zan faɗa a ƙasa, in babu shi ko an farfasa ko ka ga tsatsa a zaren, sayi sababbin ƙarafan biyu a sa, a saita sau ɗaya a ɗaure da sifana mai awo, kar ka yi ciniki da wannan.

Na biyu shi ne bel ɗin kujerar baya. A Fabrairun 2016 aka kira RAV4 miliyan 2.87 a duniya, saboda a mummunan karo na gaba bel ɗin cinya na kujerun gefe biyu na baya zai iya gogar ƙarfen da ke cikin kujerar ya yanke. Gyaran wata murfin roba ce da ake sa wa ƙarfen. Na san da yawanmu ba ma sa wa yara bel a baya, wannan ma abin gyarawa ne, amma ni da nake tilasta wa nawa su ɗaura ina so in san cewa abin da suka ɗaura zai riƙe su.

Sai iyabag, wato balan-balan ɗin kariya da ke fitowa lokacin hatsari. A 2014 an kira na 2006 zuwa 2008 saboda wata naɗaɗɗiyar waya da ke cikin sitiyari tana lalacewa, in ta lalace fitilar iyabag ta kama kuma na direba ba zai fito ba ranar da ake buƙatarsa. Tun kafin nan a 2011 an kira wasu na 2007 da 2008 saboda na'urar da ke gane mota za ta kife, in ta samu matsala iyabag na gefe zai iya fashewa haka kawai ba hatsari. Gwajin mai sauƙi ne, murɗa makulli kar ka tada, fitilar iyabag dole ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam to wataƙila wani ya cire ƙwan ko ya liƙe ta ta ciki, kuma ana yi, musamman motocin da suka yi hatsari a can aka gyara fuskarsu a nan.

Akwai na makunnin gilas na ƙofar direba, wanda ya shiga cikin kiran motoci miliyan 7.4 a 2012, har da RAV4 na 2007 zuwa 2009. Makunnin yakan fara cijewa, kuma in aka fesa masa man da ba nasa ba zai iya narkewa ya yi hayaƙi har wuta ta tashi, abin da mai rewaya zai fara yi kenan in ka ce masa gilas yana maƙalewa, ya ɗauko gwangwanin feshi. Ce masa ya canza makunnin kawai. Sannan maganar totur, na 2009 da 2010 wasunsu suna cikin kiran 2010 na totur mai maƙalewa, amma banda waɗanda lambar chasis ɗinsu ta fara da J wato ƙirar Japan, sai kuma kiran da aka yi a 2011 a kan shimfiɗar ƙafa da take turo totur ta danne shi. Mu kuma al'adarmu ce mu ɗora tabarmar roba a kan kafet a kan wata tabarmar saboda ƙura, a gefen direba dai guda ɗaya ta isa kuma a maƙale ta a ƙugiyarta.

Duba duk wannan ba ya cin ko sisi sai data. Lambar chasis mai harafi da lamba 17 tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofa, ka tabbatar biyun sun yi daidai da ta takardar kwastam, sai ka shiga shafin hukumar NHTSA mai kula da kiyaye haɗarin motoci a Amurka ka rubuta ta, zai nuna maka kiran da har yanzu ba a yi wa wannan motar ba. Ni da na sa tawa sai na tarar na ƙafar baya an yi, na bel ba a yi ba, shi ya sa har yau nake bin wani mai kawo kaya daga waje ya samo min murfin.

In ka ji ƙwas ƙwas a sitiyari lokacin da kake juyawa a hankali ko kana bin gargada, yawanci sandar da ta haɗa sitiyari da ƙasa ce, sananniyar matsala ce a wannan sigar, kar a sa ka sayi rak gaba ɗaya ba a duba ta ba.

Shi ƙanin matata na ce masa kar ya ba da ko kafin alƙalami sai mun je tare ranar Asabar da sassafe injin yana sanyi, mu zaro geji, mu kwance filogi ɗaya mu ga ko bakinsa ya jiƙe da mai, mu leƙa ƙafar baya, mu sa lambar a waya a gaban dilan. In ta tsallake waɗannan ya saya da albarkata, in kuma dilan ya ce ba za a kwance filogi ba, akwai wata 'yar 2010 da na gani a wani wurin, can za mu wuce.